Karen Bayan Ganuwa

A shekarar da masaƙar da nake aiki a Kaduna ta rage ma'aikata, wajen ƙarshen shekarun tamanin, na kwaso matata da 'yarmu da 'yan komatsanmu muka dawo gidan gado a Ƙofar Jatau, cikin birnin Zariya. Aka share mana ɗaki da rumfa a sashen mahaifiyata. Mahaifina ya riga ya rasu. Ƙanensa, wanda muke kira Baba Malam, shi ne babba a gidan, shi ke zama a zaure yana ba manyan ɗalibai karatu daga hantsi zuwa azahar.

Ban iya zama ba. Jikina ya saba da jiniya ta tashe ni, ya saba da ƙarar injin da sai ka yi ihu na kusa da kai zai ji ka. Sai ga ni a gidan da ba abin da ke motsi da rana sai inuwar katanga. In na zauna a zaure, in ga kamar ɗaliban Baba suna satar kallona. In na shiga ciki, mata su takura, hira ta mutu. In na kwanta, katifa ta yi mini ƙaya. Saboda haka da an sallame sallar asuba sai in zura takalmi in fita. Wata rana in je Sabon Gari neman aiki a ce in dawo, wata rana in taka har Gyallesu wurin wani da aka sallame mu tare, mu zauna mu zagi manajan da ba ya jin mu, in taso rai a ɓace fiye da yadda na je.

Iya ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari. In na shigo da yamma ƙafa fururu sai ta dubi bango ta ce, "Shi wannan, ƙafarsa ƙaiƙayi take yi ne? Ko akuya tana da lokacin kwanciya."

Cikin wannan yawo na gamu da karen. Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai. A bayan ganuwa, ta inda masu gini suka yi ta yanko ƙasa har ta zaizaye, akwai wani kududdufi da ya kusa ƙafewa, sai ɗan ruwa kore a tsakiya da taɓo kewaye da shi. Ina wucewa na ji wani sauti kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen itace. Na duba, sai ga kare ja-ja yana lasar taɓon, kuma sautin numfashinsa ne. Bai gama girma ba. Ba a yanke masa kunne ba, alamar ba na mafarauta ba ne. Wuyansa ya kumbura, ƙudaje sun yi masa baƙi.

Daidai lokacin igiyar takalmina ta zame, na sunkuya in gyara. Karen ya ƙwala ƙara kamar an taka shi, ya zabura ya faɗi, ya tashi ya shige wani kogo a gindin ganuwa. Na tsaya da takalmi a hannu ina mamaki. Sai daga baya na gane: a sanin kowane kare na birni, mutumin da ya sunkuya dutse zai ɗauka.

Kashegari na koma. Ba zan ce tausayi ne kaɗai ya mayar da ni ba. Na dai sami wurin zuwa, wurin da ba wanda zai ce mini in dawo wani sati. Na laɓe a bayan wata bishiyar dalbejiya har ya fito shan ruwa, a nan na ga abin da ke wuyansa. Siririyar waya ce, irin ta shanya. Wani ya ɗaure shi da ita tun yana ɗan kwikwiyo, ya tsinke ya gudu da zagayen a wuya. Shi yana girma, waya ba ta girma. Ta yanka fata ta nutse, sai murɗaɗɗen bakinta ke leƙowa ta ƙeya. Tun da na ga wannan bakin waya ya zauna mini a rai. Ina cin abinci ina ganinsa, ina sallah ina ganinsa. Na san filaya ɗaya za ta raba shi da ita, kuma na san tsakanina da wuyan nan akwai tazarar da ban san yadda zan rufe ta ba.

Na fara ɗibar ƙanzon da matata ke jiƙawa, in ƙulle a leda, in kai masa a sakaina. In ajiye, in yi nisa. Muddin ina kallo ba zai fito ba. Sai na juya baya na yi kamar na tafi, in ji ƙarar sakaina a ƙasa.

Wata safiya ina ƙulle ledar matata ta fito daga ɗaki da 'yarmu a baya.

"Malam, ƙanzon nan da kake ɗiba, wa kake kai wa?"

"Wani ne mai buƙata."

"Shi mai buƙatar, ƙafarsa nawa?"

Na ci gaba da ƙulle ledar. Ta ce 'yan matan da ke ɗebo ruwa sun daɗe da kawo labari. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta karɓi ledar ta ƙara masa ruwa ta dama. "In wuyan ne ke masa ciwo, wannan ya yi masa tauri," in ji ta.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne zama. Na lura in ina tsaye ba ya yarda, in ina tafiya yana bin motsina da ido, amma in na zauna a ƙasa na ba shi gefe, yakan fito ya ci yana ɗaga kai. To ni kuwa zama ne ba na iyawa. In na zauna sai ƙafata ta kama rawa. Tururuwa ta hau ni, gumi ya gangaro mini ta ƙeya, in tuna wani ofis da ban gwada ba, in ji kamar a ranar ne kaɗai ake ɗaukar ma'aikata ni kuma ina nan bakin kududdufi. Da na motsa gwiwa, shi ke nan, ya koma kogo, aikin ranar ya lalace. Sai in tashi ina huci, in rantse ba zan sake zuwa ba, gari ya waye in ga ƙafata ta kawo ni.

Don in hana kaina motsi na fara yi masa magana ƙasa-ƙasa. Na ba shi labarin masaƙa, yadda ake jera zare, yadda ƙurar auduga ke cika hanci, yadda aka tara mu a fili aka karanto waɗanda aka sallama. Abin da ban gaya wa matata ba, karen nan ya ji shi. Kullum ina ɗan matso da sakainar kusa da inda nake zama. Wata rana ya yarda, wata rana ya tsaya nesa yana kallon abincin, yawu na zuba, har in haƙura in mayar da ita baya.

Wuyan kuma yana ƙara lalacewa. Da iska ta kaɗo ta wajensa sai in ji wari. Haƙurina ya ƙare. Na je wurin mai gyaran keke na bakin ƙofa na ari filaya. A ranar sakainar tana kusa da ƙafata, ya sa kai yana ci, bakin wayar yana gabana ƙiri-ƙiri. Na miƙa hannu ta samansa. Ban ma taɓa shi ba. Ya kai cizo a iska, haƙoransa suka haɗu da ƙara, ya kife sakainar, ya bi ta kan taɓo ya haura ganuwa ya ɓace.

Kashegari ba ya nan. Wanshekare ma haka. Ƙanzon da na bari kaji suka cinye. Na shiga nemansa kamar wanda ya ɓatar da akuyar mutane. Na bi ganuwa ta ciki da ta waje, na je jujin mahauta, na zaga Tukur-Tukur lungu-lungu, na leƙa kwalbatoci da kangaye. Duk jan kare da na hango sai in matsa in ga wuyansa lafiya lau. Ba na iya tambayar kowa. Wa zan tsayar a cikin birnin Zariya in ce ko ya ga wani kare mai ciwo a wuya?

Ashe ban tambaya ba ma magana ta zaga. Wata rana bayan la'asar Baba Malam ya aika a kira ni. Na same shi shi kaɗai a zaure, na durƙusa na gaishe shi.

"An ce kana zama da kare a bayan ganuwa."

"Haka ne, Baba."

"An kuma ce rashin aikin ne ya taɓa ka. Wannan na ce musu ƙarya ne, tun kana yaro haka kake." Ya gyara zama a kan buzu. "Me ke tsakaninka da shi?"

Na gaya masa zancen wayar. Ya saurara yana jan carbi.

"A wurin malamanmu kare mai rai ba najasa ba ne," ya ce. "Ƙwaryar da ya sa baki ita ake wankewa. Shayar da shi kuma ba a rasa lada. Amma ba zai shigo mini gida ba, kuma ba za ka zo mini sahu da gashinsa a riga ba. Ka ware rigar da za ka riƙa zuwa da ita."

"To, Baba. Sai dai ya ma gudu."

"Ka kore shi dai. Gaggawa gare ka, irin ta ubanka." Ya ɗauki littafinsa. "Ka je Wusasa wurin goggonka. Su suka san sha'anin karnuka."

Goggon Wusasa 'yar'uwar mahaifina ce ta wajen kakanni, daga reshen danginmu da suka zama Kirista tun zamanin da. Zumunci bai yanke ba: mu kai musu naman layya, su aiko mana da shinkafa da cincin ranar Kirsimeti. Ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, 'ya'yanta duk suna Legas da Jos, ita kaɗai take zaune a gida mai shingen fulawa da bishiyar mangwaro. Na same ta tana tsince wake a faranti. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in nuna mata yadda na miƙa hannun. Na nuna.

"Ta sama? Kai ko yaro ka kawo wa hannu ta sama zai kauce. Hannunka ya zauna a ƙasa, a buɗe, ka manta da shi. Kada ka kalle shi cikin ido. Kuma ba kai za ka taɓa shi ba, shi zai taɓa ka."

"Goggo, lokaci fa yana tafiya. Wuyan yana wari."

"Yana tafiya mana. Da ka bi a hankali da yanzu ka wuce nan." Ta shiga ɗaki ta fito da 'yar kwalba ta maganin nan shuɗi da ake shafa wa ciwo, da ƙullin auduga. "Filayar kuma ka riƙa ajiye ta kusa da abincin, ya saba da warinta. In ya dawo ke nan. In damina ta kankama da wayar nan a wuyansa, tsutsa za ta gama da shi."

Na dawo da kwalba a aljihu, ba karen da zan shafa wa.

Ranar da aka yi ruwan fari, da sassafe na je bakin kududdufin don sabo. Ƙasa tana ƙamshi, kwaɗi sun fara kuka. Yana kwance a bakin kogon, jiƙe sharkaf, haƙarƙarinsa duk a waje. Da ya gan ni ya miƙe da ƙyar, bai shiga kogon ba, bai kuma matso ba. Na zauna a cikin taɓo yadda nake, na ba shi gefe. Ban zo da komai ba. Muka yi zaman nan har rana ta ɗaga, sannan na ja da baya a zaune, na tashi a hankali, da na sha kwana na ruga gida.

Ƙanzo ya daina wuce masa. Matata ta koma dama masa kunu mai ruwa-ruwa ba tsamiya, wata rana ta zuba romon ƙashi in an samu. Iya tana gani, tana cewa bango, "Gidan nan dai an ga zamani, har da mai jinya a waje." Amma ita ce ta ba da tsohon kaskon da ya maye sakainar.

Na yi yadda Goggo ta ce. In ajiye kasko, in ajiye filaya a gefensa, in shimfiɗa hannuna a ƙasa in kau da kai ina kallon masu wucewa ta kan hanyar nesa. Hannun ya yi sanyi, ya yi tsami, ƙuda ya sauka a kai ba halin korarsa. Kullum da na dawo gida sai in ce gobe zan same shi a mace.

Wata safiya ina ba shi labarin wani direban masaƙa da ya taɓa faɗawa rami da motar ma'aikata, sai na ji abu mai sanyi a tafin hannuna. Hancinsa ne. Ya shinshina, ya ja baya, ya dawo ya lasa. Na ci gaba da labarin direba, ban san ma me nake faɗa ba. Bayan wannan ya riƙa yarda in shafa masa ƙirji da bayan yatsu, daga nan kafaɗa. In na doshi wuya sai jikinsa ya sandare, in janye. Da haka da haka har yatsana ya taɓa bakin wayar bai tashi ba.

Ranar da na yanke ta ban shirya ba. Ya gama shan kunu ya kwanta kusa da cinyata, kansa a kan ƙafafunsa na gaba. Na ga hannuna na dama yana kan filaya. Na ci gaba da shafa shi da hagu, na kawo filayar ta ƙasa-ƙasa ta gefen kafaɗa, na laluba har bakinta ya kama wayar a gindin murɗin, na yi bisimilla na matse da duk ƙarfina. Ta ce ƙas. Ya yi wata ƙara da har yau ina jin ta, ya yi tsalle ya faɗa cikin ruwan kududdufi, ya fita ta can gefe ya tsaya yana kakkaɓe jiki yana kallona. Na ce a raina shi ke nan, ya sake tafiya.

Bai tafi ba. Kashegari ya fito, wayar ta buɗe ta saki, gefe ɗaya yana reto. Yana shan kunu na kama na zare ta a hankali, ta fito da ruɓaɓɓen nama da gashi. Ya yi ƙugi amma bai ɗaga kai daga kaskon ba, don a karon farko kunu yana wuce masa ba tare da wannan sautin zarto ba. Na jiƙa auduga na diga masa maganin. Wayar kuwa na jefa ta tsakiyar ruwa.

Cikin damina ya murmure. Ciwon ya kame, wuyansa ya zama shuɗi har kafaɗa, yara suka sa masa mai shuɗin wuya. Ya fara raka ni, in na taso ya biyo ni har bakin ƙofa ya tsaya, kamar ya san sharaɗin Baba. Na ga bai kamata a ce ni kaɗai ya sani a duniya ba, don ban san ranar da aiki zai ɗauke ni ba. Na roƙi mai gyaran keke ya riƙa ajiye masa ɗan abin da ya rage. Da fari ya ce Allah ya kiyaye, daga baya na same shi yana jefa masa gutsuren ƙosai yana cewa, "Kai, malam, matso mana." Na kawo 'yata ta zauna a cinyata ta shimfiɗa ɗan hannunta, ya lasa, ta yi ta ƙyalƙyala dariya. Kafin kaka, karen da inuwar mutum ke kora ya zama in ya hango mutum sai ya nufe shi yana kaɗa wutsiya. Na ji daɗi ƙwarai. Ban hango abin da ke cikin haka ba.

Wata rana na dawo daga Sabon Gari wajen la'asar, mai gyaran keke ya tare ni tun daga nesa. Ya ce mahaukacin kare ya ciji mutane a Tukur-Tukur, samari sun fito da gora da duwatsu, duk karen da suka gani ba mai shi sai sun kashe. Ya ce sun bi ta bayan ganuwa.

"Naka kuwa da ya gan su, wurinsu ya nufa," in ji shi. "Yana musu wutsiya."

Ban san lokacin da na isa ba. Na tarar da su sun yi da'ira a bakin kogon, wani yana zura gora, wani yana tattaro ciyawa za a yi hayaƙi. Akwai jini a ƙasa. Na kutsa na tsaya a bakin ramin na ce nawa ne, lafiyarsa ƙalau. Ba su saurare ni ba. Wani ya ce ai dama an ce kaina ba daidai yake ba. Wani ya ce in ɗan'uwana aka ciza ba zan faɗi haka ba, kuma gaskiyarsa ce, don a cikinsu akwai wanda ƙanwarsa tana asibiti a lokacin. Muna cikin haka hayaniya ta lafa, aka dare. Baba Malam ne, da sandarsa, mai gyaran keke yana biye da shi. A sanina Baba bai taɓa taka bayan ganuwar nan ba. Ya tsaya nesa da ramin, ya tattare rigarsa.

"Mahaukacin kare yana shan ruwa?" ya tambaye su.

Suka ce ba ya sha.

"To a kawo ruwa. Ku kuma ku ja baya."

Na ɗebo ruwa a kasko na ajiye a bakin kogon, na zauna a ƙasa na ba shi gefe, na shimfiɗa hannu, a gaban samarin unguwa da Baba da matan da suka leƙo ta kan katanga. Na fara magana ƙasa-ƙasa. Shiru. Ina jin numfashinsa a ciki, ina jin samarin suna gunaguni, ina jin gora tana bugun ƙasa. Na tabbata ba zai fito ba, kuma ban ga laifinsa ba. An fara kiran magariba a masallatan cikin gari sannan hancinsa ya leƙo. Ya fito da ƙafa uku, ta baya tana reto, jikinsa yana ɓari. Ya manne da cinyata ya sa kai a kaskon ya sha.

Baba ya juya. "Kun gani. Ku tafi ku yi alwala." Da suka watse ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, "Kafin hantsin gobe ya bar unguwar nan. Ba zan iya tsare maka shi sau biyu ba."

Da gari ya waye muka kama hanyar Wusasa. Igiya ba ta yiwuwa, ko zare ya ji a wuyansa sai ya haukace. Ina gaba yana baya yana ɗingishi, muka bi ta gonaki, dawa ta yi kai, raɓa ta jiƙa mini wando. In muka hango mutum sai ya shige cikin dawa, in tsaya in jira, in yi ta magana har ya fito. Abin da aka yi watanni ana ginawa, yamma ɗaya ta rushe rabinsa. Da muka iso babban titi, manyan motoci suna wucewa da gudu, ya kwanta a cikin ciyawa ya ƙi motsi. Na tsallaka na kira shi, na dawo, na sake tsallakawa. Rana tana ɗagawa, masu keke suna rage gudu suna kallona. Daga ƙarshe na zauna kusa da shi, na jawo shi kan cinyata a hankali, na sa hannu ta ƙarƙashin ƙirjinsa na miƙe da shi. Ban taɓa ɗaukarsa ba. Ina jin zuciyarsa tana bugun hannuna, bakinsa yana daidai wuyana. Da ya ga dama da ya cije ni a nan. Ya cusa kansa a hammatata, muka tsallaka.

Goggo ta duba ƙafar ta ce ba karaya ba ce, ta ɗaure. Ta sa aka kira mai allurar dabbobi ya yi masa ta rigakafi. Karen kuwa ya shige ƙarƙashin akurkin kaji ya ƙi fitowa, kuma da ƙafar ta yi sauƙi ya tsallake shinge ya biyo sawuna har bakin titi, a can wani maƙwabcinta ya gan shi kwance. Dole na riƙa zuwa Wusasa kullum. Goggo ta hana ni ba shi abinci. Ita za ta ajiye kwano, ta zauna a kujerarta 'yar tsugunne tana tsince wake ko tana rera waƙoƙin cocinsu ƙasa-ƙasa, ni kuma in zauna can nesa kamar baƙo. Ya riƙa kallona yana kallon kwanon. Ranar da na iso na same shi kwance a ƙarƙashin kujerarta, ya ɗaga kai ya yi mini wutsiya bai taso ba, na tsaya daga nesa ina kallonsa. Goggo ta ce, "Ai abin da kake so ke nan." Na ce haka ne.

Bayan girbi na sami aiki a wani kamfanin gurzar auduga a Funtuwa, muka sake ɗaure kaya. Sai da babbar sallah na dawo, Iya ta ba ni cinyar rago in kai Wusasa. Ina taɓa ƙyauren shinge wani ƙaton jan kare ya taso da haushi, ya zo daf da ni ya tsaya cak. Ya shinshina ƙafata. Sai ya kama zagaye ni yana kuka-kuka, yana dukan ƙafafuna da wutsiya, har na kusa sakin naman. Gashi ya rufe masa jiki luf, sai zobe ɗaya a wuya inda bai sake tsirowa ba.

Goggo ta fito tana goge hannu da zane. Muka gaisa, ta tambayi Iya da Baba Malam da mutanen Funtuwa, ta karɓi naman ta ɗaga shi sama don kada a yi mata ɓarna.

"Kai dai ka ɓata mini kare," ta ce. "Haushin nan da ka ji na ganin ido ne. Mai gyaran wuta, mai tallan kifi, mahaukacin da ke kwana a tasha, kowa abokinsa ne. Ɓarawo ma in ya zo, rakiya zai yi masa."

"To a mayar da shi bayan ganuwa, Goggo?"

Ta harare ni. "Taɓa shi ka gani." Ta yanki wani ɗan kitse daga cinyar ta jefa masa, ta ce in shigo, ruwan shayi yana kan wuta.